Ƙafa ce jarin ɗan wasa: Mu daina sakaci da raunin ƙwauri da agara

Ranar 27 ga Fabrairun 2010, a wasan Firimiyar Ingila tsakanin Stoke City da Arsenal, Ryan Shawcross ya shiga ƙafar Aaron Ramsey, ya karya masa ƙasusuwan ƙwauri biyu na ƙafar dama. A lokacin shekarun Ramsey 19. Duk wanda ya ga yadda ƙafar ta lanƙwashe a talabijin ya ɗauka yaron ya yi ban kwana da ƙwallo ke nan.

Tun a cikin filin ma'aikatan lafiya suka tallafe ƙafar, suka garzaya da shi asibiti, aka yi masa tiyata. Bayan kimanin wata tara ya koma taka leda. Shi ne ya ci ƙwallon da ta bai wa Arsenal Kofin FA a 2014, ya kuma maimaita hakan a 2017.

Irin wannan karaya tana faruwa a wurinmu ma, a filayen makarantun firamare da ake buga gasar unguwa da yamma, da filayen ƙananan kulob-kulob da ke renon yara masu burin fita Turai. Ƙashin ɗaya ne, karayar ɗaya ce. Abin da ke biyo baya ne ya bambanta. A nan sai abokai su taru su ja ƙafar, a kwara mata ruwa, a ɗora yaro a kan babur ƙafa na reto, a nufi inda za a ɗaure ta tamau. Wani ya warke da ɗingishi, wani ƙashin ya haɗe a karkace, wani kuma sai bayan mako biyu a kai shi asibiti ƙafa ta yi baƙi, likita ya ce babu abin da ya rage sai yankewa.

Matsayinmu a kan wannan a fili yake. Yawancin ƙafafun da ke lalacewa a filayenmu ana iya ceto su, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne gane irin raunin da wuri, da abin da aka yi a awannin farko. Wannan ilimi ne da ya kamata kowane koci, da kowane mai shirya gasa, da kowane uba ya sani.

Ba kowane ciwo ba ne targaɗe

Tsakanin gwiwa da idon sawu akwai ƙasusuwa biyu. Babban shi ne ƙashin ƙwauri, wanda ke ɗaukar kusan dukkan nauyin jiki. Ƙaramin yana gefen waje. A baya akwai tsokar sha-raɓa, wadda ke haɗuwa da dunduniya ta hanyar agara, jijiya mafi kauri da ƙarfi a jikin ɗan Adam. Kowanne daga cikinsu yana da irin rauninsa da irin maganinsa. Matsalarmu ita ce kusan komai targaɗe muke kiransa, kuma maganinsa ɗaya a wurinmu, wato man zafi da murza.

Targaɗen idon sawu shi ne raunin da ya fi yawa. Ƙafa ce ke turguɗewa, galibi zuwa ciki, sai jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar ta gefen waje su miƙe ko su yage. Tambayar farko ita ce, akwai karaya a ciki ko babu? Tun a 1992 likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada suka fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi da asibitocin duniya ke aiki da ita. Idan mutum ya kasa taka ƙafar sau huɗu, ko kuma yana jin zafi sosai idan an danna bayan ƙashin idon sawu ko tsininsa, ko tsakiyar gefen tafin ƙafa, to a je a ɗauki hoton ƙashi. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, da wuya a ce akwai karaya.

Kada kuma a raina idon sawu. 'Yan Najeriya ba su manta da ranar 30 ga Yunin 2014 ba, lokacin da Blaise Matuidi na Faransa ya taka idon sawun Ogenyi Onazi a Gasar Kofin Duniya ta Brazil. Aka fitar da Onazi a kwance, tsakiyar Super Eagles ta yi sako-sako, aka ci mu 2 da nema.

Ciwon da ke shigowa a hankali

Akwai ciwon ƙwauri da babu wanda ya doki ɗan wasa kafin ya same shi. Yana farawa da tsami a gefen ciki na ƙashin, a wuri mai faɗi kamar tafin hannu. Yana zuwa a farkon atisaye, wani lokaci ya lafa idan jiki ya ɗauki zafi. Sababinsa yawan dukan ƙasa ne fiye da abin da ƙashi ya saba. Ana ganinsa a wurin wanda ya yi wata biyu bai motsa ba sannan ya fara gudu safe da yamma don gwajin shiga kulob, ko mai gudu a kan kwalta, ko mai wasa a busasshen fili na rani da takalmin da ya suɗe. Masu gudun fanfalaki da masu shirin shiga aikin soja ko na ɗan sanda sun san shi sarai.

A wannan mataki maganinsa rage gudu ne na wasu makonni, da komawa a hankali. Idan aka yi kunnen uwar shegu da shi, ƙashin na iya tsagewa. Alamar tsagewa ita ce zafin ya tattaru wuri guda har mutum ya iya nuna shi da yatsa ɗaya, ya kasa tsalle da ƙafar ita kaɗai, wani lokaci har ciwon ya hana shi barci.

Abin lura a nan shi ne, hoton ƙashi na yau da kullum yakan fito lafiya lau a makonni biyu ko uku na farko alhali tsagewar tana nan. Saboda haka "hoto bai nuna komai ba" ba lasisin komawa fili ba ne. Likita na iya cewa a sake hoton daga baya, ko a yi na na'urar MRI. Tsagewar da aka kama da wuri takan warke da hutun mako shida zuwa takwas ko fiye. Wadda aka ci gaba da gudu a kanta tana iya zama cikakkiyar karaya rana tsaka, ba tare da kowa ya taɓa ɗan wasan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Agara ba ta sallama idan za ta tsinke

Mako biyu bayan karayar Ramsey, David Beckham yana buga wa AC Milan wasa, babu kowa kusa da shi, sai agararsa ta hagu ta tsinke. Aka yi masa tiyata a ƙasar Finland, kuma Kofin Duniya na Afirka ta Kudu ya wuce shi.

Waɗanda abin ya taɓa samu sukan ce ji suka yi kamar an jefe su da dutse ko an shure su ta baya, har su waiwaya su ga babu kowa. Hatsarin raunin shi ne mutum na iya ci gaba da tafiya yana ɗingishi, sai a ce ai tsoka ce ta riƙe. Akwai gwaji mai sauƙi. A kwantar da shi rubda-ciki, ƙafarsa ta zarce bakin benci, a matsa tsokar sha-raɓa da hannu. Idan agara na nan lafiya, tafin ƙafa zai motsa zuwa ƙasa. Idan bai motsa ba, sai asibiti, a ranar.

Tsinkakkiyar agara ana iya ɗinke ta, ana kuma iya sa ƙafar a siminti ko takalmi na musamman da yatsu suna kallon ƙasa har bakunan su haɗu. Duk hanyar da likita ya zaɓa, tana son a fara ta cikin kwanakin farko. Idan aka yi makonni, bakunan jijiyar za su ja baya, aikin ya ƙara wuya, kuma da ƙyar ƙarfin tsalle ya dawo kamar da. Ko an yi komai daidai, ɗan wasa yakan yi wata shida zuwa shekara kafin ya koma fili.

Akwai abu biyu da ke raunana agara waɗanda suka zama ruwan dare a wurinmu. Na farko shi ne maganin Ciprofloxacin da danginsa, wanda mutane ke saya a kemis ba tare da takardar likita ba da zarar sun ji zazzaɓi sun ce taifot ne. Tun a 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta sanya gargaɗi mafi ƙarfi a kwalinsa cewa yana iya jawo kumburi da tsinkewar jijiya, musamman agara. Na biyu shi ne allurar rage kumburi mai sinadarin siteroyid da ake yi a kan jijiyar. Zafi zai lafa, amma jijiyar ta ƙara rauni.

Awannin da ke ceton ƙafa

Karayar ƙwauri ta fi sauran hatsari saboda dalili biyu. Ƙashin yana dab da fata, babu tsokar da ta rufe shi ta gaba, don haka cikin sauƙi yake huda fata ya fito. Da zarar ya fito, ƙasa da ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa. Irin wannan karaya tana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin gaggawa, da allurar rigakafin tetanus, da wankin ciwo a ɗakin tiyata. Kada a tura ƙashin ciki, kada a barbaɗa masa gari ko toka. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a tallafe ƙafar da katako ko kwali mai kauri yadda ba za ta motsa ba, a tafi.

Wanda ke ganin ƙwayar cuta wasa ce, ya duba labarin Santi Cazorla. Bayan raunin da ya ji a Arsenal a 2016, ƙwayoyin cuta suka cinye masa kusan santimita 8 na agara. Sai da aka yi masa tiyata sau da yawa, aka yanko fata daga hannunsa aka lulluɓe wurin, ya yi kusan shekara biyu bai buga wasa ba kafin ya dawo a Villarreal. Wannan fa mutum ne da ke hannun manyan likitocin Turai.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi cin ƙafafun matasanmu. Tsokokin ƙwauri suna zaune ne a cikin ɗakuna huɗu, kowanne da tauri mai kama da jaka wadda ba ta buɗewa. Idan ƙashi ya karye ko aka yi wa tsoka mummunan duka, jini da kumburi suna taruwa a ciki, matsi ya ƙaru har ya toshe hanyar jini. Cikin kimanin awa shida tsoka na iya fara mutuwa. Alamominsa su ne zafin da ya wuce misali wanda magani ba ya taɓa shi, zafin da ke ƙaruwa idan an motsa yatsun ƙafa, ƙwauri ya yi tauri kamar itace, yatsu su fara yin sanyi ko su mutu. Maganinsa ɗaya ne, tiyatar gaggawa a tsaga jakar don matsin ya sauka.

Yanzu mai karatu ya auna abin da zai faru idan aka zo kan ƙafar da ke kumbura aka jera mata karare, aka naɗe da tsumma, aka ɗaure tamau, aka kuma ce wa mai ita ya daure, zafin alamar ɗori ya kama ne. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kokawa a kan yawan ƙafafu da hannayen da suke yankewa saboda ɗaurin da ya toshe jini, kuma da yawa daga cikin masu su yara ne da matasa.

Masu ɗori da asibiti

Ba mu zo don ci wa masu ɗorin gargajiya mutunci ba. Sana'a ce da aka gada kaka da kakanni, suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, kuma mutane sun yarda da su. Mutane suna zuwa wurinsu ne saboda tsadar asibiti, da nisansa, da tsoron da ya yaɗu cewa likita da ya ga karaya sai ya yanke. Gaskiyar ita ce yawancin yankewar tana faruwa ne saboda an zo a makare, bayan ƙafar ta riga ta mutu.

Abin da muke nema daga masu ɗori shi ne su san iyakarsu. Karayar da ƙashi ya fito, da wadda ta shiga gaɓa, da ƙafar da ta yi sanyi ko ta canza launi, da zafin da ke ƙaruwa bayan ɗauri, duk waɗannan na asibiti ne, ba tare da jinkiri ba. Ma'aikatun lafiya na jihohi su zauna da sarakunan ɗori, a horar da su a kan waɗannan alamomi, a buɗe musu hanyar tura majinyaci. Muna da Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, ga asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya a jihohi. Mai ɗorin da ya tura yaro can a kan lokaci, darajarsa ƙaruwa za ta yi.

Ga ƙananan raunuka kuwa, irin targaɗe da ɓarewar tsoka, a kwana biyu zuwa uku na farko a huta, a naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora na minti 15 zuwa 20, a ɗaura bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar sama da ƙirji idan an kwanta. Ruwan zafi da murza da ja a wannan lokaci ƙara zubar jini a ciki suke yi. Bayan nan a fara motsa gaɓar a hankali, in da hali a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin gashin ƙashi. Kada a koma fili sai ɗan wasa ya iya gudu, da juyi, da tsalle a kan ƙafar ita kaɗai ba tare da zafi ba. Idon sawun da aka yi gaggawar mayarwa fili shi ne wanda ke turguɗewa kowace kaka.

Dole kuma mu faɗi gaskiya a kan ƙwayoyin kashe zafi. Zafi ɗan aike ne da jiki ke turowa. Kocin da ya bai wa yaro Tramadol ko ya sa aka yi masa allura don ya buga wasan ƙarshe, ya kashe ɗan aiken ne, ya bar ɓarnar tana ci gaba. Ban da illar jaraba, tun daga 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta Tramadol a lokacin gasa. Yaron da ke mafarkin Turai ya san da wannan.

Rigakafin da ba ya cin kuɗi

Sau da yawa idan an yi maganar lafiyar 'yan wasa sai a ce babu kuɗi. Amma mafi ingancin rigakafin da aka sani kyauta ne. A 2006 masana lafiya na FIFA suka tsara wani ɗumama jiki mai suna FIFA 11+, wanda ke ɗaukar minti 20. Ya ƙunshi gudu a hankali, da ƙarfafa tsokoki, da tsayuwa da ƙafa ɗaya, da koyon dira daidai bayan tsalle. Ba ya buƙatar komai sai fili da ƙwallo.

An gwada shi a ƙasar nan. Wani bincike da Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, a kan ƙungiyoyi 20 na gasar matasa ta Legas, ya nuna cewa waɗanda suka bi tsarin sun sami raguwar raunuka da kashi 41 cikin 100, raunukan ƙafa kuma da kashi 48 cikin 100. Yara ne irin namu, a filaye irin namu. Babu hujjar da za ta sa kocin ƙaramin kulob ya ci gaba da ɗumama jiki da zagaye fili biyu da bugun raga.

Kariyar ƙwauri ma tun 1990 FIFA ta wajabta ta, amma a gasannin unguwa za ka ga mai kwali a cikin safa, da wanda babu komai, har da mai buga wasa ba takalmi a gaban mai takalmi mai ƙusoshi. Kariyar ba ta hana kowace karaya, amma tana rage ƙarfin duka da yankan fata. Sai kuma ƙara nauyin atisaye sannu a hankali, da ba jiki ranar hutu, da cike ramukan fili da tsince duwatsu kafin wasa, da abinci mai gina ƙashi irin su nono, wake, ƙananan kifi da ganye.

Kowa da nasa nauyin

Ga masu shirya gasa, musamman 'yan siyasa da masu hannu da shuni da ke sa kofi da sunansu: wanda ya iya sayen kofi da riguna da ɗaukar makaɗa, zai iya ɗaukar ma'aikacin lafiya guda, da akwatin agajin gaggawa, da motar da za ta tsaya a bakin fili. A ware wani kaso na kuɗin rajista don hoton ƙashi da jinyar duk wanda ya ji rauni.

Ga hukumomin ƙwallon ƙafa na jihohi da uwarsu NFF: kada a amince da wata gasa ko makarantar horar da yara sai kocinta ya sami horon agajin gaggawa. A fassara FIFA 11+ zuwa Hausa, a yi bidiyonsa, a yaɗa ta WhatsApp. Kulob-kulob ɗin Firimiyar Najeriya kuma su tabbatar kowane ɗan wasa yana da inshorar lafiya mai aiki, kada a sallami mutum don ya karye a bakin aikinsu.

Ga alƙalan wasa: jan kati a kan mugun shiga kariya ce ga ƙafar wani. Alƙalin da ya ji tsoron 'yan kallo ya kau da kai, yana da kaso a cikin abin da zai biyo baya.

Ga iyaye: idan yaro ya dawo gida yana ɗingishi, a tambaye shi, a duba. Yara da yawa suna ɓoye ciwo don tsoron a hana su ƙwallo. Idan an ɗaure ƙafa a ko'ina ne, asibiti ko gida, yaro ya kwana yana kuka, yatsunsa suka kumbura ko suka yi sanyi, a sassauta ɗaurin a nufi asibiti a daren, kada a jira wayewar gari. Yarda da ƙaddara ba ta hana neman magani a inda yake.

Ga 'yan wasan kansu: wasan da ka rasa yau za a sake buga irinsa mako mai zuwa. Daga cikin dubban yaran da ke atisaye kowace safiya, kaɗan ne za su ci abinci da ƙwallo, amma dukkansu za su buƙaci ƙafafunsu don noma, da kasuwa, da neman abin da za su riƙe iyali. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.